Dogon Agogon Katako da Kafintan da Ba a Rubuta Sunansa Ba

Dogon agogon katako, wanda ake jingina shi da bango ya tsaya da gindinsa a ƙasa kamar mutum, tsayinsa kuma ya kama daga mita 1.8 zuwa 2.4, aikin masu sana'a biyu ne waɗanda galibi ba rumfarsu ɗaya ba. Na farko shi ne maƙerin agogo, mai aikin tagulla da baƙin ƙarfe, wanda ke yanka faya-fayai masu haƙora ya harhaɗa injin. Na biyu kuwa kafinta ne, wanda ke gina akwatin da injin zai zauna a ciki, ya lulluɓe shi da katako mai kyan gani, ya goge shi har ya ɗauki ido. Sunan na farko ne ake zanawa a fuskar agogon tare da sunan garinsa, abin da wata dokar Ingila ta 1698 ta wajabta, alhali na biyun, wanda a kan aikinsa ido ke fara sauka, da wuya a tarar da sunansa ko da a bayan ƙyauren akwatin. Saboda haka mai bin diddigin wannan sana'a ba shi da madogara mai yawa a takarda, dole ne ya koma ya karanta katakon kansa, ya duba irin itacen da ƙasar da aka saro shi, da sawun zarto, da busasshen gam da ya ɗiga a lungun da mai saye ba ya leƙawa.

Tsayin wannan agogo bukatar injinsa ce ta haifar da shi. Abin da ke tafiyar da injin shi ne curin dalma ko baƙin ƙarfe da aka rataya da igiya, wanda nauyinsa ke jan igiyar ƙasa, ita kuma ta juya faya-fayan ɗaya bayan ɗaya har motsin ya kai ga hannuwan da ke nuna lokaci. Da za a bar curin ya faɗi yadda ya so, da igiyar ta warware cikin ƙiftawar ido, don haka kowane agogo yana da wani sashe da za a iya kira linzami, wanda aikinsa shi ne ya kama faifan ƙarshe ya sake shi haƙori ɗaya-ɗaya, kuma wannan kamawa da sakin su ne sautin da kunne ke ji. Linzamin agogunan Turai na farko ba shi da abin da zai daidaita masa taku yadda ya kamata, shi ya sa kuskuren minti 15 a kwana ba abin mamaki ba ne a lokacin, kuma shi ya sa yawancinsu hannu ɗaya gare su, na awa kawai. Galileo na Italiya ya lura cewa abin da aka rataya yana reto yakan ɗauki kusan lokaci guda a kowane zuwa da dawowa, amma Christiaan Huygens na Holan ne ya ɗaura wannan lilo a kan agogo a shekarar 1656, Salomon Coster ya ƙera masa shi a birnin Hague a 1657, kuskuren kuma ya sauko zuwa 'yan daƙiƙu a kwana. A rumfar Coster ɗin ne John Fromanteel na Landan ya yi aiki ya ga dabarar, kuma kafin 1658 ta ƙare mahaifinsa, Ahasuerus Fromanteel, ya riga ya buga tallar agoguna masu lilo a jarida.

Kafin wannan lokaci agogon gida a Ingila ɗan ƙaramin keji ne na tagulla da ake ratayawa a bango, igiyoyinsa da curinsa suna reto a fili, ana kuma ja masa igiya kullum. Da aka samu agogon da za a amince da shi, sai masu hali suka so wanda zai yi kwana 8 ba a taɓa shi ba, wannan kuwa yana bukatar curi biyu masu nauyin kilo 5 ko 6 kowanne, ɗaya na tafiya ɗaya na buga ƙararrawa, da kuma sarari mai tsawo da za su sauka a cikinsa. Ƙusa a bango ba ta ɗaukar wannan kaya cikin aminci, ga ƙura, ga yara da kyanwa masu wasa da duk abin da ke reto, sai aka gina wa agogon dogon akwati da zai ɗauki nauyin ya kai shi ƙasa. Akwatunan farko, na wajen 1660, sirara ne ƙwarai, tsayinsu bai wuce na mutum da yawa ba, domin lilonsu gajere ne yana reto a can sama kusa da injin, cikin akwatin kuma ba a bukatar komai sai hanyar da curi biyu za su wuce. An lulluɓe su da baƙin katakon eboni, ɗan'uwan kanya, aka yi musu kai mai siffar ƙofar haikalin Girkawa da ƙananan ginshiƙai a gefe.

Sauyin da ya ba agogon siffarsa ta dindindin ya zo wajen 1670, lokacin da aka fito da sabon linzami mai kama da ƙugiyar da jirgin ruwa ke jefawa don ya tsaya. Masana sun yi saɓani a kan wanda ya ƙago shi, wasu suna ba Robert Hooke, wasu William Clement, wasu kuma suna nuna agogon da Joseph Knibb ya yi wa kwalejin Wadham ta Oxford a wannan lokaci. Tsohon linzamin yana tilasta wa lilo ya buɗe da faɗin digiri 80 ko fiye, lilo kuma idan ya buɗe da yawa lokacinsa yakan sauya da ƙarfin turin da ya samu, amma sabon ya rage buɗewar zuwa digiri 4 ko 6, wanda ya ba da damar a rataya dogon lilo mai nauyi a cikin akwati ba tare da ya bugi gefe ba. Lilo mai tsawon santimita 99 da ɗoriya yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya cif a kowane reto, kuma idan faifan ƙarshe yana da haƙora 30 zai kewaya sau ɗaya a minti, ta haka hannun daƙiƙa ya samu kusan a kyauta, hannun minti kuma ya zama abin da ba a yin agogo babu shi. Kafinta ya bi bayan wannan sauyi da faɗaɗa akwati, har ma a wasu shekaru ya riƙa huda ƙyaure ya sa zagayayyen gilashi daidai inda kan lilon ke wucewa, domin mai gida ya gani da idonsa cewa agogonsa na sabon yayi ne.

Akwatin ya kasu uku, kuma masu sana'ar sun ba kowane kashi sunan da ya dace da jikin mutum. Akwai hula, wadda ke rufe injin da fuskar agogo. Akwai gangar jiki, doguwa mai ƙyaure, inda lilo da curi suke. Akwai gindi, mai faɗi, wanda ke hana agogon kifewa. Abin da ke riƙe ukun shi ne allon baya, wanda ke tashi daga ƙasa har ƙarshen hula, shi ne ƙashin bayan agogon duka. Allunan gefen gangar jiki sukan zarce sama su shiga cikin hula, a kan kawunansu ake ɗora wani kakkauran guntun katako, mazaunin inji, wanda aka huda domin igiyoyi su wuce. Hular ba a kafe take ba: a agogunan farko ana tura ta sama ne ta bi wani gurbi a allon baya har wani maƙale ya riƙe ta, amma da agoguna suka yi tsawo suka kusa taɓa rufin ɗaki, sai aka koma yin hular da ake zarowa ta gaba, mai ƙyauren gilashi. Wanda ya leƙa cikin tsohon akwati zai yi mamakin rashin ƙawarsa, domin ƙusoshi ne da gam da ƙananan guntayen katako masu kusurwa uku da aka manna a lunguna don ƙarfafa haɗi, haɗin ƙwararru kuma, irin na rami da harshe ko wanda Turawa ke kamantawa da wutsiyar kurciya, ba a yin sa sai inda nauyi ko buɗewa da rufewa suka wajabta. Kafintan lokacin ba ya ɓata wuni a kan abin da ba za a gani ba kuma ba za a biya ba, amma a kan daidaiton mazaunin inji ba ya sassauci, domin idan ya karkata ko da kaɗan, takun linzami zai ɗingisa, agogon kuma ya tsaya.

Akwai wata matsala da ke nuna cewa akwatin yana da hannu a kiyaye lokaci. Agogon kwana 8 da ba a kafe shi da kyau ba yakan tsaya a tsakiyar mako, daidai lokacin da curin ya sauko ya yi kafaɗa da kan lilo, domin a nan tsawon igiyar curin ya yi daidai da na lilon, sai ɗan girgizar da akwatin ke yi ta sa curin ya fara reto shi ma, ya sace ƙarfin lilon har ya mutu. Maganinsa shi ne a ɗaure allon baya da bango, shi ya sa ake tarar da huji barkatai a bayan tsofaffin agoguna, kusan kowane huji shaidar wani gida ne da agogon ya taɓa zama.

Babban abokin gabar kafinta shi ne halin katako na kumbura da motsewa, abin da duk mai ƙyauren katako ya sani, wanda ke cijewa da damina ya yi sako-sako da hunturu. Katako yana motsewa ta faɗinsa, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi, don haka duk inda aka manna allo a gicciye da wani, an shuka tsagewar da za ta fito ko bayan shekara hamsin. Masu aikin Landan sun rage wannan haɗari ta hanyar gina ƙashin akwatin da itacen ok da aka tsaga daga tsakiya zuwa baki, irin tsagar da ba ta cika lanƙwasa ba, wanda ake sarowa a ƙasashen tekun Baltik, a kawo shi bayan an yanka shi a injinan zarto masu aiki da iska na Holan. Ana shanya katako a inuwa, ƙa'idar da aka gada kuwa ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri. Duk da haka ƙyauren gangar jiki ya kasance wurin rauni, domin ana kafa masa guntun katako a gicciye sama da ƙasa don kada ya murɗe, kuma daidai layin wannan haɗi ne ake ganin tsaga a fuskar yawancin agogunan da suka kai shekara 300.

A kan wannan ƙashi ake manna falle, wato siririn yankin katako mai tsada wanda mutum biyu ke yankawa da babban zarto, kaurinsa milimita 2 ko kusa da haka, ya ninka na injin zamani sau da yawa, kuma wannan kauri yana cikin alamomin da masu sayen tsofaffin kaya ke bambance tsoho da jabu da su. Gam ɗin na fata ne da kofato, ana dafa shi a tukunyar da aka zaunar cikin wata tukunyar ruwan zafi don kada ya ƙone, a shafa shi da zafinsa, a ɗora falle, sa'an nan a bi shi da wata guduma mai faffaɗan baki wadda ba a bugu da ita, dannawa ake yi ana ja daga tsakiya zuwa gefe har rarar gam ta fito. Aikin na gaggawa ne, domin gam ɗin yana kamawa da zarar ya huce. Darajarsa ita ce zafi da laima suna sake narkar da shi, don haka mai gyara na yau zai iya ɗaga fallen da aka manna a zamanin maƙerin agogo Thomas Tompion, wanda ya rasu a 1713, ya gyara abin da ke ƙarƙashi ya mayar, abin da gam ɗin roba na zamani ba ya bari a yi cikin sauƙi.

Jerin itatuwan da aka yi fallen da su tarihin cinikin Ingila ne a taƙaice. Bayan eboni sai walnat, wanda aka fi son kututturensa da kullutunsa saboda zanen da ke ciki mai kama da hayaƙi, sai kuma reshen zaitun da ake yankawa a karkace a jera zagayen kamar ɓawon kawa. Daga wajen 1675 aka shiga yayin dasa furanni da tsuntsaye a jikin ƙyaure da guntayen katako masu launi daban-daban, ana tsoma bakin guntu a yashi mai zafi ya ɗan ƙone don ya ba da inuwa, ganye kuma a yi shi da ƙashi da aka rina kore; wannan aiki ya ƙaru da zuwan masu sana'a 'yan gudun hijira daga Faransa bayan 1685 da hawan William na Holan gadon sarautar Ingila a 1689. Wani yayin shi ne kwaikwayon baƙin fenti mai sheƙi na Sin da Japan, mai zanen zinariya, wanda littafin Stalker da Parker na 1688 ya koyar da yadda ake yin sa da kayan da ake samu a Turai. Matsanancin sanyin 1709 ya kashe itatuwan walnat da yawa a nahiyar, Faransa ta hana fitar da shi a 1720, a shekara ta gaba kuma majalisar Birtaniya ta cire haraji daga katakon da ake kawowa daga ƙasashen da ta mallaka a Amurka, wanda ya buɗe wa mahogani ƙofa. Wannan itace, ɗan'uwan maɗaci, yana ba da allo mai faɗi, ba ya cika motsi, ƙwari ba su cika cin sa ba, yana kuma karɓar sassaƙa da gogewa fiye da duk abin da kafintan Ingila ya taɓa riƙewa, ko da yake masu akwatin agogo, waɗanda ba su saurin barin abin da suka saba, ba su rungume shi sosai ba sai tsakiyar ƙarni na 18. Waɗanda suka sare shi a dazuzzukan Jamaika da gaɓar Honduras, suka ja gungumensa zuwa kogi, bayi ne da aka kwaso daga Afirka, kuma su ma babu sunansu a ko'ina a jikin agogon.

A hula ne kafinta ke nuna gwanintarsa. Layukan ado masu tudu da kwari da ke raba kashi da kashi ana fitar da su da makankara na hannu, kowace da bakinta mai siffa guda, har mai sana'a ɗaya yakan tara gommai a kan shiryayye. A aikin walnat na ƙwarai ana manna gajerun guntaye ne a gicciye a kan ok kafin a kankare, domin zanen itacen ya tsaya a tsaye, aikin da ke cin lokaci ya kuma bar ƙananan rata tsakanin guntayen idan sun bushe. Da fuskar agogo ta samu baka a samanta wajen 1715, inda ake sa faifan da ke nuna kwanan wata da girmansa, sai hula ma ta bi ta yi baka, daga baya aka ɗora mata ƙahoni biyu masu lanƙwasa da ke fuskantar juna, waɗanda makankara ba ta iya bi, sai dai a sassaƙa su da kurfi a kankare da hannu har biyun su yi daidai kamar an tsaga su daga abu ɗaya. Kafinta Thomas Chippendale ya sa zanen akwatunan agogo a littafinsa na 1754, amma abin da ya fi amfani ga mai tarihi shi ne littattafan ƙiyasi na kamfanin Gillow da ke Lancaster, waɗanda a cikinsu aka zana akwati, aka lissafa katako da gam da ladan aiki, aka kuma rubuta sunan ma'aikacin da ya yi shi. Irin wannan shaida ba ta da yawa.

Gama aiki, wato gyaran fuskar katako da shafa masa abin da zai kare shi, yakan ci lokacin da ya kusa na ginin. Samfefa irin ta yau ba ta wadata ba, don haka bayan makankara ana bi da wani fallen ƙarfe mai kaifin gefe a kankare sawun da ya rage, sa'an nan a goge da busasshiyar fatar wani ƙaramin kifin teku mai kaushi, ko da karan wata ciyawar fadama mai yashi-yashi a jikinta. Hanya mafi sauƙi ita ce kakin zuma da aka narka, a cusa shi cikin ramukan katako a goge da burushi da tsumma. Wata hanyar ita ce man 'ya'yan linzid, wanda wani lokaci ake jiƙa wata jar saiwa a cikinsa don ya ƙara wa mahogani ja, a shafa, a bar shi ya sha, a goge da garin jan bulo, a maimaita. Thomas Sheraton ya bayyana wannan hanya a ƙamus ɗinsa na sana'ar a 1803. Aiki mai tsada kuwa ana yi masa shelak, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya, wanda ake narkawa a sifirit a shafa falle bisa falle, ana gogewa tsakanin kowane biyu da garin dutse mai laushi. Gogewar da ake dangantawa da Faransa, wadda ake yi da ƙullin auduga a tsumma ana kewayawa har katako ya zama kamar madubi, ba ta yaɗu a Ingila ba sai wajen 1820, lokacin da zamanin dogon agogo ya fara karkata, kuma masu gyara na ƙarni na 19 da suka kankare tsohuwar fuska suka yi wa agogunan farko wannan sheƙi sun yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Launin da ake so a tsohon agogo, mai zurfi da laushi, haɗin hasken rana ne da kaki da hayaƙin murhu da tafin hannu na shekaru masu yawa, kuma masu ƙoƙarin kwaikwayonsa da rini ba su cika yaudarar idon da ya saba ba.

Daga Landan sana'ar ta bazu zuwa ƙananan garuruwa, inda ta daɗe bayan manyan birnin sun koma yayin ƙananan agogunan tebur. A can kafintan gari, wanda shi ne mai yin ƙofa da tebur da akwatin gawa, yana gina akwati da ok tsantsa ko da itacen fain mai araha, ya yi masa fenti da zanen da zai sa a ɗauka mahogani ne. Injin ma akwai na talaka, mai curi ɗaya da sarƙa, wanda ake ja kullum domin awa 30 kawai yake yi, kuma tun da agogon kwana 8 ana gane shi da huji biyu na mabuɗi a fuska, wasu masu agogon kullum sun sa an zana musu hujin ƙarya don baƙo ya ɗauka sun fi haka. A 1772 Osborne da Wilson na Birmingham suka tallata farar fuska ta ƙarfe mai fenti a madadin ta tagulla, wadda ta fi sauƙin karantawa a ɗaki mai duhu. Ga iyalin da wannan ne agogonsu kaɗai, ƙararrawar ta fi fuskar aiki, domin ana jin ta daga gado da barga, kuma ba Turawa kaɗai suka fara sanin agogo da kunne ba, tun da kalmar agogo ta shigo Hausa daga Yarabanci inda take nufin ƙararrawa, awa kuma har yau ƙarfe ake ce mata. Wasu ƙasashen sun yi nasu salon, kamar agogon yankin Franche-Comté na Faransa mai tumbi, da na garin Mora a Suwidin mai siffar mace, da na tsibirin Bornholm na Denmark, inda sana'ar ta faro bayan wani jirgi mai ɗauke da agogunan Ingila ya maƙale a gaɓar a 1744.

Kafinta ɗaya da sunansa ya shahara a wannan fage ya samu haka ne domin ya tsallaka ya yi aikin maƙeri. John Harrison, wanda aka haifa a 1693 ya tashi a Barrow ta Lincolnshire, ya gina dogon agogonsa na farko a 1713 da faya-fayan ok, kuma sanin katako ne ya ba shi abin da maƙera ba su da shi: ya yi amfani da lignum bite, wani itace mai nauyi daga yankin Karibiyan wanda ke fitar da maiƙonsa, a wuraren da ke gugar juna, ta haka ya rabu da man agogo, wanda a lokacin yakan daskare ya tara ƙura. Agogon da ya yi wa bargar Brocklesby Park wajen 1722 yana aiki har yau ba a sa masa mai. Shi ne kuma ya magance miƙewar sandar lilo da zafi, wadda ke sa agogo ya yi jinkirin kusan rabin daƙiƙa a kwana kan kowane digiri, ta hanyar jera sandunan tagulla da baƙin ƙarfe yadda miƙewar ɗaya za ta soke ta ɗaya, kusan lokacin da maƙerin agogo George Graham ya yi maganin matsalar da kwalbar zaiba.

A Amurka sana'ar ta kafu a Filadelfiya tun farkon ƙarni na 18 da zuwan Peter Stretch daga Ingila, ta yi ƙarfi a Pennsylvania da New England, inda aka yi aiki da walnat na ƙasar da ceri da mafil mai zanen damisa, kuma a can ne aka yi mata illar da ba ta tashi ba. A 1807 Eli Terry na Connecticut ya karɓi kwangilar injin agogo 4,000 na katako cikin shekara uku, ya kafa injinan yanka masu aiki da ruwa da ke fitar da sassa iri ɗaya, ya kuma cika alkawari. 'Yan koli suka riƙa yawo da waɗannan injina ƙauye-ƙauye babu akwati, mai saye ya kai wa kafintan garinsu, ko ya rataya a bango haka nan har ya samu kuɗi, wanda ya ba kafintocin karkara aiki na ɗan lokaci. A 1816 Terry ya yi rajistar gajeren agogo na kan kanta, mai gajeren lilo da curi masu bin ƙananan kura a cikin akwatin, cikakke da gidansa, ana sayar da shi dala 15. Chauncey Jerome, wanda ya fara da yi wa Terry akwatuna, ya bi da injin tagulla mai araha a ƙarshen shekarun 1830, ya fara aika shi Ingila a 1842, kuma kafin tsakiyar ƙarni na 19 ta wuce, da yawa masu yin dogon agogo a ƙasashen biyu sun zama masu gyara da sayar da na kamfani.

Sunan agogon kaka, wanda aka fi sanin sa da shi a Turanci yanzu, ya samo asali ne daga wata waƙa da Henry Clay Work ya wallafa a 1876, lokacin da agogon ya riga ya zama kayan gado. Tsofaffin agogunan da suka rage sun sha wuya: laimar daɓen dutse ta cinye gindin wasu, an yanke ƙafafun wasu da ƙahoninsu don su shiga ɗaki mai gajeren rufi, dillalai kuma sun ɗauki inji mai babban suna sun sa shi a akwatin da ba nasa ba, abin da masu wannan kasuwa ke kira aure, wanda ake ganewa idan an ga ƙarin guntun katako a ƙarƙashin mazaunin inji ko rata tsakanin fuska da bakin hula. Har yau akwai kafintoci a Ingila da Amurka da ke gina dogon agogo da hannu, da gam na fata da shelak, yawancinsu suna sayen injin daga masana'antun Jamus, suna auna faɗin retonsa da zurfin saukar curinsa kafin su yanka allo ko ɗaya, kamar yadda aka yi tun 1670. Bambancin da ke akwai shi ne cewa a waɗannan sababbin agoguna sunan kafinta ne ake rubutawa a fuska.